Gem na Bature, doka ta dandalinmu

Saƙon murya ne ya shigo mini da daddare, minti huɗu da 'yan daƙiƙu, ana jin ƙugin ƙaramin janareta a bayansa. Mai maganar saurayi ne daga Tabanni, can gabashin ƙasar Birnin Gwari, mai rumfar cajin waya. Bayan gaisuwa da tambayar iyali sai ya ce: "Yaya, akwai wata tsohuwar laftof da wana ya bar mini. Gem biyu ne a ciki, Red Alert 2 da Generals. Mun buga su har mun haddace, yanzu ko autanmu kwamfutar ba ta iya ci. An ce mini akwai wani abu wai shi mod da ake sa wa gem ya koma sabo. Ina ake samunsa? Kuma ni ma zan iya yin nawa? So nake in sa garinmu a ciki."

Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa na ba shi filin makon nan gaba ɗaya.

Ga wanda bai san irin wasan da muke magana a kai ba: kai ne sarkin yaƙi, kana kallon fili daga sama kamar shirwa. Ka tura ma'aikata su haƙo ma'adini ko su saro itace, ka gina sansani, ka horar da dakaru, ka kai hari kafin a kawo maka. Bambancinsa da dara shi ne babu jiran bi da bi. Kana tunani abokin karawarka yana gini. Shi kuwa mod, kwaskwarima ce da masu son gem ɗin ke yi masa da kansu, ba kamfani ba. Wani ya sauya farashin tanka, wani ya zana sabon fili, wani ya ƙaro al'umma guda da dakarunta da gine-ginenta. Uwar gem tana nan yadda take, tufafi da dokoki aka canja mata.

To ƙanena, kafin komai, kwafi. Ka je foldar da gem ɗin yake, ka kwafe ta ɗungurungum, ka sa wa kwafin suna, ka ajiye ɗaya a filash da ba ya yawo a hannun mutane. A kan kwafi za ka riƙa gwaje-gwajenka, asalin kuwa ko da wasa kada ka taɓa. Na san abin da nake faɗa. Lokacin da nake yaron shago a wani wurin koyon kwamfuta a Kaduna, na buɗe wani fayil na gem ɗin da yara ke biyan kuɗi su buga, na goge layin da ban gane amfaninsa ba, na ajiye. Da aka kunna sai allo ya yi baƙi, ya dawo da mu waje. Faifan da aka sa gem ɗin da shi ya riga ya karce. Kwana uku benci babu kowa, ogana kuma bai yi faɗa ba, lissafi kawai ya yi ya cire daga kuɗin abincina. Tun ranar ban ƙara taɓa fayil ba sai na tabbata yana da tagwai.

Cikin gem biyun da kake da su, fara da Red Alert 2. Kamfanin Westwood ne ya fitar da shi a 2000, ya biyo shi da ƙarin Yuri's Revenge a 2001, kuma alherin da ya yi wa masu karambani irinmu shi ne kusan duk dokokin wasan a rubuce suke cikin fayil ɗaya na rubutu zalla, rules.ini. Na Yuri kuwa rulesmd.ini. Shi rules.ini a ƙunshe yake cikin babban fayil mai suna ra2.mix, sai ka sa wata 'yar manhaja, XCC Mixer, ta zaro maka shi. Ka ajiye shi a foldar gem ɗin, ka buɗe da Notepad. Daga nan gem zai riƙa bin naka ya bar na kamfani. In abu ya cuɗe, ka cire fayil ɗin, komai ya koma yadda yake.

Nemo sashen da aka yi wa laƙabi da E1. Shi ne ƙaramin sojan ƙawance da ka saba turawa gaba. Za ka ga Cost=200, wato farashinsa, da Strength=125, wato yawan dukan da zai sha kafin ya faɗi. Mai da 125 ta zama 500. Ajiye. Kunna gem, ka sayi soja ɗaya, ka tura shi gaban bindigar maƙiya, ka zuba ido. Zai tsaya yana shan harsashi kamar mai maganin ƙarfe. Ranar da ka ga wannan da idonka, ka daina zama ɗan kallo a gem ɗin.

Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a lokaci guda, ka gwada, sannan ka ƙara. In ka taɓa wuri goma gem ya ƙi tashi, ba ka san wanne ne mai laifin ba. Ka sayi littafin rubutu mai ganye arba'in, ka riƙa rubuta abin da ka tarar da abin da ka mayar. A cikin fayil ɗin ma, duk abin da ka rubuta bayan alamar waƙafi mai ɗigo gem ba ya karanta shi, don haka kana iya barin wa kanka tuni da Hausa a gefen kowane layi. Kuma ka danne zuciyarka. Kowane sabon shiga abin da yake fara yi shi ne ya mai da tankarsa kyauta, mai gudun babur, marar mutuwa. Daɗinsa na minti goma ne. Tankar Rhino da ake saye 900 ta fi Grizzly ta 700 ƙarfi, ita kuma Grizzly ta fi ta sauri, kuma wannan ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda shi ne wasan. Duk abin da ka ƙara wa ƙarfi, ka ƙara masa tsada ko ka rage masa gudu, in ba haka ba abokanka za su watse su bar ka da laftof ɗinka.

Zancen abokai ya kawo mu dara. Ka lura, kafin a kafa tsinke ko a ajiye tsakuwa a ramukan nan talatin, in akwai baƙo sai an daidaita doka: jeri huɗu ba ya ci, kaza ya halatta, kaza bai halatta ba. Kowane dandali da nasa. Haka kwamfutoci suke, sai dai su ba su san sulhu ba. In kun haɗa biyu da wayar sadarwa, ko kun buɗe hotsifot na waya, wanda ko data babu zai haɗa ku, dole fayilolin su zama iri ɗaya sak. Lamba ɗaya ta bambanta, Generals zai tsaya ana tsakiyar gumurzu ya rubuto maka cewa an samu saɓani, kowa ya koma gida. Maganin shi ne foldar mutum ɗaya za a kwafa wa kowa, kuma duk ranar da ka yi sabon gyara ka sa masa lamba da kwanan wata.

Game da waɗanda wasu suka riga suka yi, akwai su jingim. Na Yuri's Revenge wanda ya fi suna shi ne Mental Omega, wanda ya ƙaro rundunar da babu ita a asali, Foehn, da labarai masu yawa. Na Zero Hour, wato ƙarin Generals na 2003, akwai ShockWave da Contra da Rise of the Reds, wanda ya shigo da Rasha da rundunar Turai. In kana da Zero Hour, ka tabbata 1.04 ne kafin ka ɗora ko ɗaya, kuma kada ka haɗa mod biyu a folda ɗaya, kishiyoyi ne. Rumbun da aka fi tara su shi ne ModDB, tun 2002 yake. Nauyinsu ne matsalarka. Wasu sun haura gigabait, kai kuwa ka fi ni sanin yadda sabis yake a gabashin Birnin Gwari, inda sai an nemi tudu kafin saƙo ya tafi, balle a ƙarshen 2021 da gwamnatin jiha ta sa aka rufe layukan waya a yankin. Ba da filash ga mai zuwa Funtuwa ko Zariya ko Kaduna, ka rubuta masa sunan abin da kake so harafi da harafi, a sauke daga tushe.

Na ce daga tushe domin masu tura finafinai da waƙoƙi a kasuwa ba mugunta suke yi ba, amma kwamfutarsu mashaya ce, kowace dabba ta sa baki. Akwai bairos ɗin nan da ke ɓoye foldodin filash ya bar maka gumakansu na bogi, kana dannawa ya shige. Kafin ka buɗe komai ka sa Windows ya riƙa nuna wutsiyar sunan kowane fayil. In abu ya ce shi taswira ne ko hoto amma wutsiyarsa exe ce, goge shi. Kuma duk wanda ya ce ka kashe mai gadin kwamfutarka tukuna kafin mod ɗinsa ya yi aiki, alhali ba ka san inda ya samo shi ba, gode masa ka wuce.

Wata 'yar magana a gefe. Ni Generals bai taɓa kwanta mini ba, duk da daɗin bugunsa. Rundunarsa ta uku, GLA, 'yan ta'adda ne masu rawani da ƙunar baƙin wake, irin hoton da Amurka ke zana Musulmi da shi a shekarun da suka biyo bayan 2001. Ban ce haramun ne ka buga ba. Cewa na yi gem ma yana da bakin magana, kuma mai yin mod yana da damar mayar da martani. Kamfanin EA, mai gem ɗin, ya saki asalin rubutun manhajar Generals da Zero Hour ga kowa a Fabrairun 2025, don haka ƙofar a buɗe take fiye da da.

In wani dattijo ya ce maka wannan duk shiririta ce, kada ka yi musu, amma kai ka san wannan. Wasan Dota da ake gasarsa a duniya, wanda kyautar gasarsa ta 2021 ta haura dala miliyan 40, asalinsa taswira ce da masu son Warcraft III suka zana a 2003 da kayan zanen da ya zo tare da gem ɗin. Wasu matasa sun yi wa Age of Empires II mod mai suna Forgotten Empires, ya fito a 2012, shekara na zagayowa Microsoft ta ɗauke su aiki ta mai da shi na hukuma. Ban yi maka alkawarin dala ba. Abin da na tabbata za ka samu shi ne Turancin karanta umarni, da sanin hanjin kwamfuta, da haƙurin bin sawun kuskure har ka kamo shi, kuma waɗannan ana cin abinci da su ko a rumfar caji.

Wannan layin na Age of Empires ne ma ya kai ga Hausa ta shiga gem da sunanta. A Agustan 2021 aka fitar da The African Royals na sabon Age of Empires III, da Habashawa da Hausawa. Babban birni Kano, jagora Sarauniya Amina, akwai barade masu lifidi, akwai dakarun da aka sa wa suna Maigadi, akwai maharban Fulani da maroƙa, har da kasuwar shanu, kuma in ka danna soja da Hausa yake amsawa. Na yi murna ranar da na fara ji. Sai dai gem ne mai nauyi, da kuɗi ake sayensa, kuma tsohuwar laftof ɗin wanka ba za ta ja shi ba. Ban da haka, Hausar da ke cikinsa ta birni da fada ce. Babu wanda zai zauna a ƙasar waje ya zana maka yadda rafi ke cika a watan Agusta ya raba ƙauye da gonakinsa. Wannan sai kai.

Don haka nemi 0 A.D. Shi ma da niyyar mod na Age of Empires II aka fara shi a 2001, daga baya ya tsaya da ƙafarsa, a 2009 aka buɗe cikinsa ga kowa. Kyauta ne, halak malak, ba sata ba. Akwai mutanen Kush na ƙasar Sudan a ciki tun 2018, akwai kuka da ƙirar itatuwan ƙasarmu, akwai giwa da raƙumi. Yana zuwa da wurin zanen fili mai suna Atlas. In injinka ya yi nishi, rage kyan hoto, kashe inuwa da walƙiyar ruwa, ka zaɓi ƙaramin fili. Shi mod ɗinsa folda ce kawai da za ka buɗe a cikin mods, ka sa mata ɗan fayil mai suna mod.json da ke faɗin sunanta da lambarta, sannan ka kwafo fayil ɗin sojan da kake son gyarawa ka jera shi a irin hanyar da ka same shi. Ba ya taɓa asali ko kaɗan.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe: taswira. Kada ka fara da maus, fara da tsinke a ƙasa, yadda manomi ke nuna wa ɗan ƙwadago iyakar gona. Ina tudu, ina kwari? Ina fadama? Ina rafi yake da mashigi, ina ba ya ƙetaruwa? Ƙasar Birnin Gwari Allah ya yi ta don irin wannan zane: duwatsu a tsaitsaye, kurmi a bakin ruwa, jar ƙasa mai ba da masara da waken suya, zinariya a ƙarƙashi, ga dajin Kamuku da aka mayar gandun ƙasa a 1999, ga kogin Mariga. Mai zanen fili na farko yakan yi shimfiɗa kamar faifai, ya zuba zinariya a ƙofar kowa. Wannan ba wasa ba ne, rabon gado ne. Sa abin da kowa ke so a wurin da ke da wuyar tsarewa. Fadama mai albarka a tsakiya, mashigi biyu kacal a rafi, ɗaya kusa amma a fili, ɗaya nesa amma cikin duhuwa. Ba wa na tudu tsaro ka hana shi itace, ba wa na kwari itace ka bar bayansa a buɗe. Sannan ku buga sau uku, ku yi musayar gefe, ku sake bugawa sau uku. In gefe ɗaya ne ke ci ko wa ya riƙe shi, filin ne bai daidaita ba, koma ka gyara.

Ka lura na ce kamannin ƙasarku, ban ce hotonta ba. Kada ka zana Tabanni gida-gida. Kada ka sa ainihin hanyar da ake bi zuwa Kuyello ko Dogon Dawa, ko inda 'yan sintiri ke kwana, ko inda ake ɗaure shanu. Fayil ba shi da amana, yau yana hannunka gobe yana wayar wanda ba ka sani ba. Kuma ka yi tunanin ranar da za a tare ka a shingen jami'an tsaro a hanyar Funtuwa, a buɗe laftof a ga taswirar gari da gumakan masu bindiga a kewaye. Kafin ka gama bayanin menene mod, rana ta faɗi. Juya rafin, matsar da dutsen, ba wa garin sunan da babu shi.

Na kuma san dabarar da za ta zo wa ɗaya daga cikin abokanka, domin ta zo wa wasu kafin shi: a sa 'yan bindigar daji a kan babura gefe ɗaya, mutanen gari gefe ɗaya. Ka ƙi. A bencin da za a buga shi akwai wanda aka biya kuɗin fansar mahaifinsa da kuɗin gona, akwai wanda bai ga gawar ɗan'uwansa ba. Akwai kuma yaron Fulani da ke kawo maka cajin waya, wanda zai ga an zana masu kama da shi a matsayin abin harbi. Sai a ƙarshen 2024 aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, ciwon ɗanye ne. Kuma a gem dole wani ya riƙe wancan gefen, ya yi murna in ya ƙone rumbu.

Labarai ba su ƙare ba. Ga fatake: ayarin jakuna ya tashi daga Kano zai je Gwanja sayen goro, ga madugu, jagaba a gaba, dole a kai zango kafin duhu, a biya fito a bakin kogi, a yi ciniki da sarkin da ya tare hanya. Nasara ita ce yawan kayan da suka isa. Ga zamanin ganuwa, lokacin da gari ke tseren kewaye kansa da gonakinsa kafin rani ya buɗe hanyar dawaki, irin ganuwar da har yau ake jingina wa Amina ta Zazzau. Ko ka yi wanda babu kisa sam: ƙauye biyu, damina ɗaya, wanda ya fara cika rumbu goma ya ci, giwaye da birai na ɓarna a gefe. Wannan na ƙarshen ya fi wuyar zanawa fiye da yadda kake zato, don sai ka sa jira ya zama abin fargaba.

Abin da zai fi sa rumfarka cika shi ne murya. Nemi Audacity, kyauta ce. Shiga ɗaki mai katifa da labule, bayan an kashe janareta, ka ɗauki gajerun maganganu da wayarka: "Na'am, ranka ya daɗe." "An gama." "Ina muka nufa?" "Wayyo, sun iso!" Kada ko ɗaya ta wuce daƙiƙa biyu, don za a ji ta sau ɗari a wasa ɗaya, abin dariya kuwa in an maimaita shi ya zama abin haushi. 0 A.D. da sautin ogg yake aiki, Audacity na iya fitar da shi. Ka ba fayil ɗinka sunan wanda zai maye gurbinsa daidai, harafi bai canja ba. Ka nemi izinin duk wanda ka ɗauki muryarsa, musamman mata da dattawa, kuma kada ka kwaikwayi wani sananne a gari don a yi masa dariya. Wajen rubutu kuma, tsofaffin gem ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Na taɓa kwana ina fassara sunayen dakaru, da safe na tarar da 'yan akwatuna a duk inda harafi mai lanƙwasa yake. Gwada kalma ɗaya tukuna kafin ka fassara ɗari.

In ka ɗauki wani abu daga mod ɗin wani, rubuta sunansa a ɗan fayil cikin foldarka. Kada ka sayar da aikin da masu shi suka bayar kyauta. Kuɗin zama a benci da na caji, wannan haƙƙinka ne.

Batirin tsohuwar laftof ba abin yarda ba ne, don haka ka riƙa ajiye aikinka duk bayan minti biyar, ka yi zane da rana lokacin da sola ke da ƙarfi, ka ɗora ta a kan katako ba a kan katifa ba, ka kuma rufe ta da ƙyalle in hunturu ya taso da ƙura.

Aikin makon nan guda biyu ne. Mai da sojan nan na E1 mai taurin kai, ka gani da idonka, sannan ka mayar da shi 125. Sai ka zana mini fili a takarda, rafi ɗaya, mashigi biyu, fadama ɗaya, ka ɗauki hotonsa ka turo duk ranar da sabis ya kama. Ka gaida mutanen gida.